Kofur Mai Taɓarya

Ran nan da safe ina sharar tsakar gida, autata da ta zo hutu daga makaranta ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ta jingina wayarta da bokiti tana motsa jiki. Wata Baturiya ce a cikin wayar take ba da umarni, ita kuma tana bi. Ban kula su ba, don Turancina bai wuce na firamare ba, shi ma rabinsa ya zube a hanya. Can sai na ji matar ta faɗi wata kalma guda. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Da na waiga, na ga yarinyar ta jefa ƙafa ɗaya gaba, ta lanƙwasa gwiwa, ɗayar tana baya a miƙe.

Kalmar ita ce lanji. Haka kunnena ya riƙe ta, haka kuma zan rubuta maka ita. Ita ce kalmar Turanci ta farko da na sani a duniya, tun ban shiga aji ba. A bakin mahaifina na ji ta. Bara war haka yana raye, yana kwance a ɗakin da ke kallon mangwaron nan.

Gidan da na tashi yana bayan garin Zuru, a gindin dutse, inda yanzu gidajen bulo suka cinye. A wancan lokaci ɗakuna biyu ne na laka, da rumbuna a tsakar gida, da bishiyar ɗorawa a bayan katanga. Mu biyu ne a ciki, ni da Baba. Mahaifiyata ta rasu wurin haihuwar ƙanena, shi ma bai daɗe ba ya bi ta. Ban riƙe fuskarta ba. Abin da na riƙe shi ne ƙamshin daddawa a zanenta, da wata waƙa da take yi da yarenmu, C'lela, in tana daka.

Baba tsohon soja ne. A Zuru wannan ba abin faɗa ba ne, da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton wani da kaki a bango ba. Sai dai sauran tsofaffin sojojin unguwarmu, in sun haɗu a rumfar burkutu ran kasuwa, bakinsu ba ya hutawa, kowa shi ya kori abokan gaba shi kaɗai. Baba bai taɓa zama cikinsu ba. Ya dawo daga yaƙi da muƙamin kofur, da bargo mai kauri, da kofin ƙarfe, da shiru. An ce kafin ya tafi ɗan kokawa ne mai yawan dariya, kuma a shekarun golmo, wato noman da saurayi kan yi wa iyayen yarinya kafin a ba shi ita, shi ke jan waƙa a gona. Ni ban san wannan mutumin ba. Wanda na sani yakan yini a gona, ya dawo ya tuƙa mana tuwon dawa da kansa, ya turo mini ƙwarya da gefen hannu, ya ce, "Ci." Wata rana iyakar maganarmu ke nan daga safe har mu kwanta. Wani lokaci muna zaune sai ya ƙura wa ƙofar gida ido, ya miƙe a hankali, ya je ya leƙa waje, ya dawo ya zauna. Ni ma nakan leƙa bayansa. Ba kowa.

Abu ɗaya ne ba ya fashi, ko da damina, ko da sanyi. Kowace safiya, kafin rana ta leƙo ta kan dutse, yakan ɗauki taɓaryar mahaifiyata ya zagaya gindin ɗorawa. Ya rataye tsohon buhu cike da ƙaiƙayi a reshe, ya yi masa ɗigo da gawayi, bai wuce girman ƙwan kaza ba. Sai ya tsaya, ƙafar hagu gaba, taɓarya a ƙugu, bakinta ya ɗan ɗaga. Ya ja numfashi. Sai ka ji "Lanji!" da wata murya da ba ya amfani da ita a ko'ina. Jikinsa duka ya tafi gaba lokaci guda, gwiwa ta lanƙwashe, hannuwa su miƙe iyakar tsawonsu, bakin taɓarya ya nutse a cikin ɗigon gawayi. Buhun ya yi tsalle, ƙaiƙayi ya tashi. Kafin ƙaiƙayin ya sauka, Baba ya koma inda yake kamar bai motsa ba.

Nakan hau wani faffaɗan dutse in zauna ina kallo, sanyin raɓa yana ratsa zanena. Bai taɓa kora ta ba, bai kuma taɓa kirana ba. Duk safiyoyin da na yi a kan dutsen nan, ban taɓa ganin taɓaryar ta kauce wa ɗigon ba, ko da faɗin yatsa. Ka riƙe wannan, don zan dawo kansa.

Wata rana na samo karan dawa na tsaya a bayansa ina kwaikwayo. Na jefa jikina gaba da ƙarfi, na kife da baki a ƙasa. Bai ɗaga ni ba. Ya jira na tashi, sannan ya zo ya taɓa diddigen ƙafata ta baya da babban yatsan ƙafarsa.

"Wannan ba ta tashi," ya ce. "Ta gaba ce ke tafiya. In ta baya ta tashi, ba ki da wurin komawa."

Na samu ƙarfin hali na tambaye shi me ya sa yake yi da taɓarya, ga sanduna cike da daji. Ya juya ta a hannunsa, ya dubi inda tafin mahaifiyata ya goge itacen ya yi sheƙi. Ya ce nauyinta ɗaya da bindiga in an sa mata banati, wato wuƙar da ake ɗaura mata a baki. Ban ƙara samun doguwar magana irin wannan daga gare shi ba sai da na yi furfura.

In ka san wurinmu, ka san namiji ba ya taɓa taɓarya. Ko yaro aka gani da ita, sai an yi masa dariya. Don haka unguwa ta samu abin taunawa. In na je rijiya, mata su ce, "Ke 'yar Kofur, yau ma babanki ya daka buhunsa? Ki ce masa in ya gama ya zo ya surfa mana dawa, mu ma mu huta." Yara kuma su bi ni a hanyar makaranta suna tsalle gabana da ƙafa ɗaya, suna cewa, "Kofur mai taɓarya, lanji!" A hankali iyaye suka hana 'ya'yansu shiga gidanmu. Ba wanda ya faɗa mini dalili, amma na sha jin ana cewa yaƙi ya taɓa masa kai. Sai na koma wasa ni kaɗai a inuwar rumbu, ni da kaji. Na san kowace kaza da halinta, na san inda kowacce take ɓoye ƙwanta.

Akwai mutum ɗaya da ba ta daina shigowa ba, yayar mahaifiyata, wadda nake kira Inna. Tana aure a Kanya, takan zo sau da yawa a shekara, kuma duk zuwa magana ɗaya ce.

"Kofur, ka ba ni yarinyar nan. Dubi kanta, wannan kitso ne ko sheƙar tsuntsu? Na yi wa ƙanwata alkawari tana kan gadon mutuwa."

"Yaya, tana ci, tana zuwa makaranta."

"Akuya ma tana ci."

Shi ke nan, sai ya ɗauki garma ya fita. Ni kuwa in laɓe a bayan rumbu. Ba wai gidanmu yana da daɗin zama ba ne. Tsoron da nake ji shi ne, in na tafi, ba shi da wanda zai ce wa "Ci," kuma daga nan bakinsa zai rufe gaba ɗaya. Ina kuma so in ji wata rana ya buɗe baki ya ce wa Inna ba zai bayar da ni ba don yana so na. Bai taɓa faɗar haka ba. Amma bai bayar ba, ni kuma na riƙe wannan a matsayin amsa.

Abin ya faru da bazara, a makon Ista, lokacin da zafi kan sa ƙadangaru ma su buɗe baki. Ban fi shekara takwas ba. Inna ta zo mana biki, tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsintar wake, ta aike ni in kwaso ƙwai. Rumbunanmu a kan duwatsu ake ɗora su don gudun danshi da gara, kaji kuma suna son yin ƙwai a ƙarƙashin, wurin akwai duhu da sanyi. Na durƙusa, na zura hannu har kafaɗa, na jawo ƙwai na zuba a bakin zanena. Na ɗago na zauna a kan dugadugaina. Baba ya gama da buhunsa ke nan, yana shigowa gida da taɓarya a hannu.

Sai na ji kalmar. Ban taɓa jin ta a cikin gida ba, sai a gindin ɗorawa. Na juya, na ga Baba ya taho gaba ɗayansa, bakin taɓarya ya nufo fuskata. Iskarta ta wuce ta gefen kunnena na hagu, ta daki bangon rumbu, laka ta tarwatse. A daidai wannan lokacin idona na hagu ya kama da wuta. Ban san wata azaba irinta ba, ko a ɗakin haihuwa. Na dafe ido ina birgima cikin fasassun ƙwai.

Inna ta kurma ihu. "Jama'a, ku fito! Kofur ya kashe 'yar ƙanwata!" Ta sure ni, ta goya, ta ruga gidan maƙwabta. Mutanen gidan kuwa duk sun yi gidanmu da gudu jin ihun, ba kowa a tsakar gidansu sai wata Bafulatana da ke kawo nono unguwar kowace safiya, tana zaune kusa da ƙwaryarta tana jira. Ta karɓe ni daga bayan Inna, ta kwantar da kaina a cinyarta, ta buɗe idon da yatsu biyu.

"Wannan ba ƙasa ba ce, ba kuma sanda ba," ta ce. "Tofin gamsheƙa ne. Na gan shi a idon maraƙi, na gan shi a idon ɗana."

"Ke dai yi mata abin da za ki yi," in ji Inna, tana kuka. "Ba a kira ki shari'a ba. Da idona na ga abin da ya yi."

Matar ta gyara kaina a cinyarta. Ta ɗauko 'yar ƙaramar ƙwarya ta madara, ta dinga tsiyaya mini a ido sannu a hankali har ta ƙare. Har yau in na ji ƙamshin ɗanyar madara, idon nan yakan yi mini ƙaiƙayi. Daga nan ta ɗauki kayanta ta tafi. Da ruwan farko ya sauka suka tashi da shanunsu, ban sake ganinta ba.

Jin Baba ya ce maciji ne, maza sun binciki ƙarƙashin rumbu da sanduna, sun yi hayaƙi, ba su ga komai ba sai ɓawon ƙwai da ramin gafiya. Da yamma dattawan dangi da wani dattijon coci suka zauna da Baba a gindin ɗorawa. Ni ina kwance a ɗakin maƙwabta, ido a ɗaure da tsumma. Abin da aka faɗa a wurin, daga bakin Inna na ji shi bayan shekaru. Ta ce an tambaye shi, ya ce, "Maciji ne." Aka ce ina yake? Ya nuna wajen rumbu. Aka ce an duba, babu. Ya daɗe yana kallon wurin. Sai babban dattijon ya ce, "Kofur, yau taɓarya ta kuskure. Gobe fa?" Baba ya dubi hannuwansa. Sannan ya ce, "Ku tafi da ita."

Ga abin da ke cikin kaina a lokacin, ni yarinya. Na san taɓaryar Baba ba ta kuskure. Da ni ya nufa, da ni ya samu. Na kuma ji abin da Bafulatana ta faɗa. Ban yi zaton maganar sirri ce ba, na ɗauka kowa ya sani, balle shi da ya ga macijin da idonsa. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban san akwai abin faɗa ba. Saboda haka da aka ce mini Baba ya yarda in tafi, sai na fahimci abu ɗaya. Yana da gaskiya a hannunsa, amma bai tsaya mini ba. Dama ya samu ya sauke kaya.

Ran kasuwa muka hau motar Kanya. Shi ya ɗauko ƙunshin kayana har bakin titi, yana tafe can bayanmu. Ya miƙa wa Inna ƙunshin, bai miƙa mini ba. Da motar ta tashi, na gan shi da ido ɗaya yana tsaye a miƙe, hannuwa a gefen cinya. Bai ɗaga hannu ba. Sai da muka isa na kwance ƙunshin, na tarar da kofinsa na ƙarfe a naɗe cikin rigar makarantata.

Ba zan yi wa Inna ƙarya ba, ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. A gidanta na koyi daka da kitso da waƙar coci. Gida ne mai cike da yara, ana cin tuwo ana faɗa a kan nama. Amma nakan tsinci kaina a cikin hayaniyar nan ina sauraron wani abu da ba ya zuwa. Da asuba in mata sun fara daka, nakan farka ina jiran muryar nan ta biyo bayan ƙarar taɓarya. Idona ya warke kafin a yi shuka. Labari ya iso mana cewa tun daga ranar Baba bai sake zuwa gindin ɗorawa ba, buhun ya ruɓe a reshe har ya faɗo da kansa. Inna ta ce to, an samu lafiya.

Duk kaka Baba yakan zo a kan keke, da damin dawa da ƙullin kalwa. Ba ya shiga gida. Yakan zauna a kan wani dutse a ƙofar gida, ya tura hannuwansa ƙarƙashin cinyoyinsa. In na kawo masa ruwa, tun ban matso ba zai ce, "Ajiye nan." In ajiye a ƙasa, in ja baya, sannan ya miƙa hannu ya ɗauka.

"Kina lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Idon fa?"

"Ya warke."

"To."

Haka muke yi kowace shekara, kalma ba ta ƙaru ba. Na girma, na yi aure, mijina ɗan Zuru ne, na dawo garin. Inna ta rasu. Mijina ma ya rasu, ya bar ni da yara. Duk wannan tsawon lokaci, in na kai wa Baba abinci, "Ajiye nan" ne. Na haifi jikokinsa, bai ɗauki ko ɗaya ba. Yakan leƙa fuskar jinjiri daga nesa, hannuwa a baya, ya sa albarka. Na daina jin zafin abin kamar yadda mutum kan daina jin nauyin tulun da ya saba ɗauka. Na ce haka Allah ya yi shi, ba ya son a raɓe shi, musamman ni.

Bara waccan, ana tsakiyar damina, ɓarin jikinsa ya shanye. Aka tsince shi a bakin gona. Na ɗauko shi na kawo gidana, don ba wani. Da za mu bar tsohon gidan, ya dinga nuna bayan ƙofa da hannunsa mai lafiya har sai da na gane, na ɗauko taɓaryar. Yanzu dole in taɓa shi, in yi masa wanka, in ba shi koko a baki. In ina yi, yakan juya fuska bango, jikinsa ya sandare kamar wanda ake yi wa allura.

Akwai wani saurayi ɗan unguwarmu da ke aikin gashin ƙashi a asibiti, shi yakan biyo bayan ya tashi aiki ya motsa masa gaɓoɓi. Yaro ne mai barkwanci. Tun daga ƙofa zai ce, "Baba soja, a fito fareti, an busa bigila!" Baba ba ya dariya, amma yana yin abin da aka ce. Wata da watanni suna fama, har ya iya tsayawa yana dafe da ƙarfen taga.

Wata rana saurayin ya ce, "Baba, yau za mu gwada ɗan lanji. Ƙafa ɗaya gaba, a lanƙwasa gwiwa kaɗan, a dawo." Ya yi ya nuna masa.

Na ga kan Baba ya ɗago. Ya dubi ƙafafun yaron, ya motsa harshensa mai nauyi, ya ce, "Ta baya ba ta tashi."

Yaron ya yi dariya. "Tamu ta asibiti tana ɗan tashi, Baba. Amma yi mana irin ta bariki mu gani. Mama, riƙe masa hammata."

Na riƙe shi. Ya tura ƙafa gaba, ba ta wuce taki ɗaya na ɗan yaye ba, gwiwarsa tana rawa. Diddigen baya yana manne da siminti. Ya jawo ƙafar ya dawo. Ina jin bugun zuciyarsa a hannuna.

Bayan yaron ya tafi, na zaunar da shi a kujera a baranda, na ɗauko gyaɗa ina ɓara. Ban shirya yin magana ba. Ina kallon gyaɗar na ji bakina ya ce, "Baba, ka ga macijin nan da idonka. Me ya sa ka ce su tafi da ni?"

Maganarsa a lokacin sai an kasa kunne, kalma tana fita da ƙyar.

"Sun duba. Babu."

"Amma kai ka gan shi."

"Na ga abubuwa da yawa a shekarun nan," ya ce. "Nakan ga mutane a ƙofar gida, da kaki, jini a jikinsu. In je, ba kowa. Da aka ce babu maciji, sai na ce shi ma irinsu ne. Na ce ashe na kai wa 'yata taɓarya a kan abin da babu, laka ta kusa tsiyaye mata ido." Ya huta. "Na ce gobe kuma me zan gani a kusa da ita?"

Na ajiye faifan gyaɗar. Na ba shi labarin Bafulatana, da abin da ta faɗa, da madarar da ta tsiyaya mini. Na faɗa masa mu uku ne kawai a wurin, kuma ni na ɗauka tuntuni ya sani.

"Ita ta ce haka?"

"Da kunnena na ji."

"Baƙi ne. Da ja a wuya. Ya fasa kai daidai kafaɗarki."

"Ni ban gan shi ba, Baba. Amma ya tofa mini. Laka ba ta ƙuna haka."

Ya dubi hannunsa mai lafiya da ke kan cinyarsa, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Akwai shi ke nan."

"Akwai shi."

Wani ɗan acaɓa ya wuce a titi, kaji suka zo suna tsintar ɓawon gyaɗa. Ba wanda ya yi kuka a cikinmu. Can sai ya ce, "Matso." Na durƙusa a gabansa, ni mai furfura, mai jikoki. Ya ɗora babban yatsansa a ƙasan idona na hagu, ya ja fatar ƙasa a hankali, ya leƙa, yadda ake duba idon yaro.

"Ya warke," ya ce.

"Ya warke tuni, Baba."

Ya nemi ruwa. Na shiga ɗaki na ɗauko kofin ƙarfen nan, wanda ya bi ni Kanya ya dawo. Na tsaya nesa kaɗan bisa sabo, ina jiran kalmomin nan biyu. Sai na ga ya miƙo hannu. Ya karɓa daga hannuna, yatsunsa a kan nawa.

Bai kai kakar bara ba. Amma a 'yan watannin da suka rage ya daina juya fuska bango, kuma ya bar ƙaramar jikata ta hau cinyarsa tana jan gemunsa. Ban riƙe Inna a zuciya ba. Abin da idonta ya nuna mata shi ta bi, kuma tsoron da ta ji na gaskiya ne. Sai dai nakan yi tunanin shekarun nan, ni ina riƙe da rabin magana a Kanya, shi yana riƙe da rabi a gindin dutse, muna gaisawa duk kaka a kan lafiyar ido.

To, a safiyar da na fara ba ka labari, da autata ta gama motsa jikinta, na ce ta duba mini kalmar a wayarta. Ta karanta, ta fassara mini. Ta ce Ingilishi aro suka yi daga Faransanci, daga wata kalma da ke nufin tsawaitawa ko miƙawa. Masu wasan takobi ne suka fara amfani da ita, in mutum ya jefa ƙafa gaba ya miƙa hannu iyakar tsawonsa don ya kai inda ba zai kai ba a tsaye. Daga baya ta zama sunan duk wata zabura gaba ta ba-zata, ko ta mutum, ko ta kare, ko ta mota. Ta ce har doguwar igiyar da ake riƙe doki da ita yana zagayawa in ana horar da shi, da wannan sunan ake kiranta. Yanzu kuma ga ta a bakin masu motsa jiki da ma'aikatan asibiti. Na ce mu ma muna da namu, zabura, da kai sura, da kukan kura. Amma da na juya su a raina, ban ga wadda ta yi daidai da abin da na gani a gindin ɗorawa ba. Baba bai san Faransanci ba, bai san wasan takobi ba. A bariki aka daka masa kalmar a kunne, ya ɗauko ta ya kawo gida tare da bargo da kofi.

An sare ɗorawar, an yi shagon caji a wurin. Rumbunan sun rushe, yanzu a buhu muke ajiye dawa a ɗakin siminti, mu kai inji a niƙa. Taɓaryar tana jingine a bayan ƙofata, ba mai daka da ita. Samarinmu har yanzu suna shiga soja, wasu suna dawowa, wasu a'a. Akwai ɗaya a layinmu da ya dawo bara, yakan zauna a kan benci yana kallon ƙofar gidansu. In na wuce nakan tsaya in gaishe shi, in tambaye shi abin da yake kallo. Bai amsa ba tukuna.

Washegari autata ta sake shimfiɗa tabarmarta. Da ta jefa ƙafa gaba, na zo wucewa, na taɓa diddigenta na baya da bakin tsintsiya.

"Wannan ba ta tashi," na ce.

"Mama, a wayar ba haka aka ce ba."

Na ce to. Na ci gaba da shara har na kai ƙofar ɗakin da ke kallon mangwaro, na share gabanta, duk da ba mai fitowa.